Wai kwatar layinmu 'yar waye, ta ciyaman ce ko ta gwamna?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi haƙuri da ni, yau da zafina na shigo. Ruwan da aka kwana ana tafkawa daren jiya ya shigar min shago har ya shanye idon sawu. Na dawo daga masallaci da asuba na buɗe ƙofa, sai ga kekunan ɗinkina biyu tsaye cikin ruwa, shaddar mutane yadi goma da na ajiye a ƙarƙashin tebur ta sha baƙin ruwan kwata ta ƙoshi, ga shi bikin mai ita ranar Asabar ne. Ni ba ruwan sama nake jin haushi ba, wannan rahama ce. Abin da ke ci min rai shi ne kwatar bakin layinmu ta fi wata huɗu a toshe, har ciyawa ta tsiro a ciki, amma babu watan da yaran ƙaramar hukumarmu ta nan Legas ba za su zo da rasit ba. Kuɗin shago, kuɗin allon da na kafa a ƙofa, har da kuɗin rediyo da talabijin, ni da ko rediyon ba ni da shi. Sau biyu ina zuwa sakatariya. Zuwan farko aka ce mai kula da sashen ya fita, na biyu aka ce ai magudanar ruwa aikin jiha ne. Na tambayi wani maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati, ya ce a'a, ta cikin unguwa ta ƙaramar hukuma ce. Masu ilimin cikinmu ku raba mana gardama.

Mai Albasa:
Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri Malam. Shaddar wace kala ce?

Maman Sadik:
Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai ka wanke shagon da ruwan Hypo, kuma kada ka bar su Hanifa su taka ruwan nan ba takalmi. Abin da ke cikinsa ba ruwan sama ne kaɗai ba.

Tica:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, maƙwabcin naka ya fi kusa da gaskiya. A Legas magudanan ruwa kashi uku ne. Akwai manyan kanal da ke kai ruwa lagun, wato babban tafkin da ke haɗe da teku, akwai matsakaita da ke tattaro ruwan unguwanni su juye a kanal, waɗannan biyun ma'aikatar muhalli ta jiha ce ke da su. Na uku su ne ƙananan kwatocin ƙofar gida da bakin layi, su kuwa nauyin ƙaramar hukuma ne da mu mazauna. Kuma ba ra'ayina na faɗa ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: titunan cikin gari da kwatocinsu da fitilunsu, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakin jama'a, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, sannan ta sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Har kuɗin rediyon da kake ƙorafi a kai yana nan a ciki. Wato shafin da ya ba su ikon karɓa a hannunka, shi ne dai ya ɗora musu yashe kwatar. Rabin shafin suka karanta suka ninke takardar.

Gaskiya Ɗaci:
Tica, Allah ya ƙara basira, amma duk wannan a takarda ne. Ciyaman ɗin da sai gwamna ya tsakura masa, da me zai yashe kwata? Ƙaramar hukuma a ƙasar nan hoto ce kawai.

Tica:
Uzurin yana da tushe, ban musa ba. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, sai dai kuɗin kan bi ta asusun haɗin gwiwa wanda makullinsa ke hannun jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kai tsaye, a kuma daina naɗa kantomomi. Aiwatarwar ce aka yi ta jan ƙafa a kai. Mu a nan kuma akwai wani ƙulli na daban. Ƙananan hukumomi 20 kundin tsarin mulki ya sani a Legas. A 2003, Tinubu yana gwamna, ya ƙirƙiro wasu 37. Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka tafi kotu, a 2004 ta ce ba shi da ikon riƙewa, amma sabbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta shigar da su kundi. Su ne ake kira LCDA har gobe. Sai da marigayi 'Yar'aduwa ya hau a 2007 aka saki kuɗin. Saboda haka tuwon da Abuja ke aikowa da sunan mutum 20, mutum 57 ne ke sa hannu a ciki.

Haifaffen Ikko:
Duk da haka Yaya Gaskiya Ɗaci, kada mu nema musu mafaka. Wanda ke da kuɗin buga ƙaton allo da hotonsa yana yi mana barka da Sallah, ba zai rasa na hayar tifa da leburori goma ba.

Baba Alhaji:
Sannunku da muhawara yara. Ni a 1976 na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ido da 'yar jakata, saboda haka ku bar ni in ba ku abin da idona ya gani. A lokacin akwai duba-gari, Yarbawa na ce musu wole-wole. Farin kaki, hular kwano, da ludayi a hannu. Zai shigo har tsakar gida ya buɗe randa ya ɗebo ruwa ya ɗaga a hasken rana, in ya ga tsutsar sauro sai sammaci. Matan gida in suka ji an ce ga su nan a layin baya, kowa sai ta ɗauki tsintsiya. Daga baya zamanin Buhari da Idiyagbon aka kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, ba fita sai an gama. Legas ta riƙe wannan har 2016 da aka soke ta bayan kotu ta ce ba a da ikon tsare mutane a gida.

Amma abin da na fi so ku lura da shi ba wannan ba ne. Wuraren da yau kuke biyan haya mai tsada, da yawansu fadama ce na sani, da kwaɗi da kifi a ciki. In an yi ruwa nan yake zuwa ya kwanta kwana biyu ya tsotse. Aka cike da yashi aka kafa bene. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Gidansa ya zo, mu ne muka yi masa kutse.

Ɗalibar Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama rabin darasin da ake koya mana. Ragowar rabin shi ne sauyin yanayi, kuma ba wani abu ne mai nisa ba. Iska in ta yi ɗumi tana ɗaukar laima fiye da da, sai ruwan da a da zai sauka cikin kwana uku ya zubo cikin dare ɗaya. Teku kuma tana ƙara tasowa kaɗan-kaɗan, ga Legas a ƙasa-ƙasa take, wasu unguwannin kusan kai ɗaya suke da lagun. In aka yi ruwa mai ƙarfi daidai lokacin da teku ta cika, kanal ba ta da inda za ta juye, sai ruwan ya tsaya, har ya dawo da baya ta cikin kwata. Shi muka gani ranar 3 ga Yulin 2024, da motoci suka nutse a Iyana Oworo, hanyar hawa gadar Third Mainland ta zama kogi.

Jiha ta fitar da tsarin yaƙi da sauyin yanayi na 2020 zuwa 2025, da burin daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050. Jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 yana cikin irin wannan lissafin, haka dashen itatuwa na 14 ga Yuli kowace shekara. To amma talaka ba a ɗakin taro yake haɗuwa da sauyin yanayi ba. A ƙofar shagon Baban Hanifa yake haɗuwa da shi, kuma wannan ƙofar ba gwamna ne ke wucewa ta gabanta ba, kansila ne.

Gaskiya Ɗaci:
Ƙanwata, ruwa dai na Allah ne. In ya ƙaddara ambaliya ko Turai ma ana yi. Maiduguri a 2024 da Mokwa a 2025 ledar fiya wata ce ta jawo?

Liman Ƙarami:
Malam, ƙaddara gaskiya ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wanda ya zuba shara a hanyar ruwa da hannunsa, ranar da ruwan ya shiga ɗakin maƙwabci akwai haƙƙi a kansa. Na faɗa a huɗuba, wasu suka ce na bar karatu na koma aikin duba-gari.

Ɗan Maraɗi:
Mu dai abin namu da ban mamaki. A gida rashin ruwa ya koro mu, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Mun zo nan kuma ruwa ke korar mu daga inda muke kwana.

Tunda an taɓo shara, bari in faɗi tawa, don sana'ata ce. Kura nake turawa, ina kwasar shara ina tsintar ƙarfe da roba. Na san tun 2018 gwamnati ta hana mu, ta ce kowa ya ba motocin kamfanonin kwasar shara na PSP da ke ƙarƙashin LAWMA, hukumar shara ta jiha. To amma akwai lungun da mota ba ta iya shiga ko da direban ɗan aljanu ne, kuma a lungunan ne mutane suka fi yawa. Matan gida da kansu suke kiran mu, aboki zo, aboki zo. Kuma ba zan ɓoye ba, a cikinmu akwai marasa tsoron Allah, in dare ya yi su juye kurar a kanal don kada su yi nisa, ko don gudun kamu. Wanda ake farauta ba zai tura kaya da rana tsaka zuwa juji ba. Da ƙaramar hukuma za ta rubuta sunayenmu, ta ba mu riga da lamba, ta ce ga inda za ku riƙa tarawa mota ta zo ta ɗauka, wallahi mu da kanmu za mu kama mai zubawa a kanal, don mun san juna. Amma kamu kawai ake yi, a ƙwace kurar, bayan sati ka ci bashi ka haɗa wata.

Tica:
Wannan magana ta Ɗan Maraɗi ta fi duk abin da na rubuto a sama amfani.

Hajiya Mai Tuwo:
Ni kuma nawa ciwon daban. A Janairun 2024 kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ya hana farar robar nan ta zuba abinci, daga 1 ga Yulin 2025 kuma aka haɗa da cokalin roba da kofi da tsinken shan lemo da leda marar kauri. Da farko na yi ta faɗa, don robar da ta maye gurbinta ta fi tsada, kuma ɗan dako da ya zo sayen tuwon ɗari biyar ba zai yarda ka ƙara masa kuɗin mazubi ba. Yanzu na koma kwanon silba irin na da, ka ci a nan ka ajiye, mai tafiya da shi ya zo da kularsa. Kuma gaskiya kwatar gaban rumfata ta daina yin fari fat kamar an zuba auduga. Sai dai ledar fiya wata da gorar lemo ba sa cikin dokar, su ne kuwa yanzu suka cika ko'ina. Kwandon zuba su ko ɗaya babu a titinmu. Mutum ya shanye ruwa yana cikin danfo, ina zai kai ledar?

Mai Albasa:
Mu 'yan Mile 12 mun ga aya a Oktoban 2023, ranar da aka wayi gari an rufe kasuwa saboda ƙazanta. Tireloli sun taso tun daga Kano da Sakkwato da kayan gwari, ga tumatir ba ya jiran sulhu. Kwanakin ba su da yawa amma akwai wanda har yau bai gama biyan bashin ba. Laifi tudu ne, ba zan taka namu in hango na wani ba, ruɓaɓɓen kaya a lokacin har bakin titi yake kaiwa. Tun daga nan sharar safiyar Alhamis ba wasa, ba a buɗe rumfa sai ƙarfe goma. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne in an saki ruwan dam ɗin Oyan daga jihar Ogun wajen ƙarshen damina, kogin Ogun ya cika, su Agiliti da Owode da Isheri sai kwalekwale. Wannan ba ciyaman ne ke sakin sa ba, amma shi ya kamata ya bi layi-layi da lasifika, da Yarbanci da Hausa, ya ce jama'a a kwashe yara da kaya. Sanarwar da aka yi da Turanci a talabijin, ɗan dakon da ke kwana a kan buhu ina zai gan ta?

Baban Hanifa, na tambaye ka kalar shaddar.

Ɗan Mahauta:
Ku kuna ta maganar kwatar ruwa, mu tamu kwatar ta nama ce, kuma ita ma an rufe ta Oko-Oba a Yunin 2025 kan tsafta. Jini da kashin shanu in ba a yi musu hanya ba, ƙarshensu ruwan da wani zai sha. Kwata biyun ashe 'yan uwan juna ne.

Maman Sadik:
Yawwa, ka kawo ni inda nake jira. Ni a asibitin sha-ka-tafi nake aiki, kuma duk abin da kuka zuba a kwata, bayan sati biyu a kan bencinmu nake ganin sa. Ku tuna kwalarar Yunin 2024, wadda ta zo daidai da Babbar Sallah. Lagos Island da Kosofe da Eti-Osa ne suka fi jin jiki, har hukumomin lafiya suka danganta wasu da suka kamu a Eti-Osa da wani kunun aya na gora marar rajista. Ranar da labarin ya fita, mata nawa ne namu masu kunun aya suka kwana da kayansu ba ciniki? Alhali aya ba ta da laifi, ruwan da aka jiƙa ta da shi ne abin tambaya.

Ga yadda abin yake faruwa. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, rijiya a nan, ramin masai taku kaɗan daga ita. Ruwa ya yi ambaliya, ramin ya cika ya tumbatsa, ya gangara rijiya. Da safe ɗan garuwa ya ja ya cika jarkoki ya kai gidaje da rumfunan abinci. Ba mugunta ya yi ba, ruwan a ido garau yake. Gwada rijiyoyi da zuba musu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da hana gina masai kusa da su, aikin jami'an tsaftar muhalli ne, wato jikokin wole-wolen da Baba ya ba mu labari, kuma suna nan a kowace sakatariya.

Don Allah iyaye mata ku riƙe wannan: in yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, kada a tsaya jiƙa masa sassaƙe. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti. Kwalara tana iya ƙarar da babban mutum cikin sa'o'i. In abin ya zo da dare a kira 112 ko 767.

Nawa ƙorafin kuma, na sha karɓar haihuwa da fitilar waya saboda an ɗauke wuta kuma babu mai a janareto. Allurar rigakafi sai da sanyi take rayuwa. Faranti huɗu na sola a kan rufinmu zai kashe wannan matsalar, ya kuma rage hayaƙin da ƙanwata ta Akoka ke magana. Sannan matanmu da yawa ba sa zuwa awo saboda ba sa jin Yarbanci ko Turanci, suna jin kunyar a yi musu tsawa. Ranar da nake hutu, in Bahaushiya ta zo, da hannu ake magana da ita.

Haifaffen Ikko:
Anti, Allah ya biya ki. Yanzu ku ba ni dama in faɗi wadda za ta ɓata wa wasu rai. A Agege aka haifi kakana, tun zamanin fataucin goro danginmu suke nan, Yarbanci kuwa in na juya harshe ba mai cewa ni Bahaushe ne. Shekara uku ke nan ina zuwa taron CDA na unguwarmu, wato ƙungiyar ci gaban unguwa, wadda ke da rajista a ƙaramar hukuma. Duk wata ake zama. A nan ake yanke wace kwata za a fara yashewa, wane layi za a sa wa fitila, nawa kowane gida zai ba masu gadi. In kansila zai kai buƙata gaban ciyaman, daga takardar wannan zaman yake ɗauka. Lokacin da aka cire tallafin mai a 2023 aka zo rabon shinkafa, ta hannun mazaɓu da irin waɗannan ƙungiyoyin aka rubuta sunaye a wajenmu. Mutanenmu suka zo suna cewa an nuna mana bambanci. Na ce musu wa ya san da ku? A zaman da ake yi da mutum sittin, mu biyu ne Hausawa, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na layin namu ne.

Haka zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Yulin 2025. A rumfarmu ma'aikatan zaɓe har gyangyaɗi suka yi. Na bi shagunan 'yan uwa ina cewa ku fito, kowa sai ya ce katinsa na Katsina ne, na Zamfara ne. Shekara ashirin kana Legas, a nan kake biyan haya, a nan 'ya'yanka ke makaranta, a nan sauro ke cizon ka, amma ƙuri'arka tana can tana zaɓen kansilan da ko sunanka bai sani ba. To kansilan nan don me zai ji tsoron ka? Rasit zai aiko maka, don kuɗinka yana da amfani a wajensa, bakinka ne ba shi da shi. Katin zama ɗan jiha na LASRRA kyauta ake rajistarsa, inshorar lafiya ta Ilera Eko ba a tambayar garinku kafin a sa ka, amma mu komai sai mu ce a kai wa Sarkin Hausawa. Sarki zai raba rigima, zai karɓo yaro daga hannun 'yan sanda, amma ba shi da tifa, ba shi da kasafin kuɗi.

Baba Alhaji:
Yaro, ka iya bakinka a kan sarakuna. Ranar da gari ya rikice, ba CDA ɗinka ce ke fita tsakar dare tana kashe wuta ba. Ka ga zaman lafiya ne ka ɗauka daga sama ya faɗo.

Haifaffen Ikko:
Tuba nake Baba, wallahi ba raini ba ne. Cewa na yi mun ɗora musu kayan da ba nasu ba. Da ma sarakunan ne za su ce kowane layi a fitar da mutum biyu su riƙa zuwa zaman, ai da magana ta ƙare, don an fi jin tasu.

Baba Alhaji:
To wannan magana ce. Da haka ka fara.

Gaskiya Ɗaci:
Ni fa na taɓa zuwa irin zaman nan sau ɗaya. Awa biyu ana Yarbanci, abin da na tsinta kawai shi ne adadin kuɗin da za a biya. Kuma masu gidaje ne ke da baki, ɗan haya ɗan kallo ne. Ga shi jam'iyya ɗaya ce ta kwashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya, to ƙuri'ata me za ta canza? Mu baƙi ne, mu ci arziki mu bar arziki a inda yake.

Maman Sadik:
Malam, kwalara ba ta tambayar wane ne baƙo.

Hajiya Mai Tuwo:
Kuma maganar Yarbanci, a kasuwa in za a ci ribar naira ɗari ai kowa ya iya shi. Sai a taro ne kunne ke toshewa.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a sassauta. Na goge saƙonni biyu da suka koma zagin ƙabila, ba mu taru a nan don haka ba. Maƙwabtanmu ruwan nan bai tsallake ɗakunansu ba. A ci gaba a kan batun kwata.

Ɗalibar Akoka:
Abu ɗaya zan ƙara a kan na Yaya Haifaffen Ikko. In za a kai kuka sakatariya, kada a je da baki. A rubuta, a sa hotuna da kwanan wata, mutum ashirin ko talatin su sa hannu, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi. Takardar da ke da hatimi ba a cewa ba a gan ta ba. In Baban Hanifa yana so, ni zan rubuta masa da Turanci yau da dare.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka, wasu sau biyu. Bayan la'asar na je na sami shugaban CDA ɗin layinmu, wani dattijo Bayarabe da kullum nake wucewa ta ƙofar gidansa muna gaisawa, ban taɓa sanin shi ne ba. Ashe shi ma ruwan ya shiga falonsa, na tarar an baza kujeru a rana. Ya ce sun rubuta takarda tun watan Mayu ba amsa, kuma abin da ake ce musu kullum shi ne mutum nawa ne ke kukan. Ya ƙirga min shagunan Hausawa a layin, goma sha ɗaya, ya ce ko ɗaya bai taɓa ganin mu a zama ba. Kunya ta kama ni, na rasa ta cewa.

Mun tsayar da safiyar Alhamis, tunda dama ba a buɗe shago sai goma, za mu yashe daga bakin masallaci zuwa kwalbati. Matsalar ita ce inda za a kai taɓon. Ya ce bara sun yashe suka tara a gefen titi, mota ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Saboda haka takardar da ƙanwata za ta rubuta, tifa ɗaya kawai za mu roƙa ranar Alhamis da hantsi, kada a cika buri. Ɗan Maraɗi, in kana kusa ka zo da mutanenka da shebur, za mu haɗa muku na shayi. Gaskiya Ɗaci, kai ma akwai shebur ɗinka.

Gaskiya Ɗaci:
In tifar ta zo ku ɗauko min hotonta. In na gani da idona, zaman wata mai zuwa da ni za a yi.

Mai Albasa:
Baban Hanifa, sau uku ke nan. Shaddar nan ruwan toka ce mai aikin sama, wadda na kawo maka ranar Litinin?

Baban Hanifa:
Alhaji, bari in kira ka a waya.